Wa Zai Kai wa Hajiya Tuwon Dare?

Kai wa tsoho abinci ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Tun zamanin kakanni, da zarar rana ta yi sanyi za ka ga yara a lungu ɗauke da langa ko samira, wani daga gidan ɗa zuwa gidan uwa, wani daga gidan ƙane zuwa wajen gwaggo. Matar da ke da girki ta san kwanon surukarta shi ne farkon zubawa, ta kuma san tsokar da ake ɗorawa a kai. Babu mai biyan wani, babu mai tambayar ko gobe ma za a kawo.

Yau nisa ya shiga tsakani. Kai kana aiki a Abuja, yayarka tana aure a Kaduna, ƙaninku an tura shi bautar ƙasa Kudu, auta tana jami'a. Hajiya kuwa tana Kano, daga ita sai yarinyar da ke taya ta shara. Gwiwa ta ƙi, tsayuwa gaban murhu ta gagara, tuƙin tuwo kuwa ba a maganarsa. Sai ka ɗauki waya, ga masu girki nan birjik a WhatsApp da Instagram, kowacce da hotunan kulolinta, wasu har da tsarin biyan wata: safe, rana, dare, a kai har ƙofar gida. Ƙannena, ban zo hana ku ba. Wanda ya zauna ya yi wannan tunani ya fi wanda ya tura kuɗi ya juya ƙeya. Abin da nake so ku riƙe shi ne, alat ɗin da ya fita daga asusunka bai nuna ka ciyar da kowa ba. Sai abin ya sauka a cikin tsohuwa sannan aka ciyar, kuma tsakanin biyun nan akwai tafiya mai nisa.

Ga yadda wayar takan kasance. "Hajiya, an kawo abincin?" "An kawo, Allah Ya yi albarka." "To, ya yi daɗi dai ko?" "Alhamdu lillahi, Allah Ya ƙara buɗi." Ka ajiye waya zuciyarka fes. Da za ka leƙa tsakar gidan a daidai lokacin, sai ka tarar da soyayyiyar shinkafa da cinyar kaza a gaban almajiri, ita kuwa ta dama ɗan kunu ta sha ta kwanta. Ba ƙarya ta yi maka ba. An kawo ɗin, albarkar da ta sa maka kuma har zuci ce. Kawaici ne kawai. Tsofaffinmu sun tashi a kan ba a kushe abin da aka ba ka, balle abin da ɗanka ya kashe kuɗinsa a kai. Idan ma kai ne ɗan fari, wadda ko sunanka ba ta faɗa, ina za ta buɗe baki ta ce maka kazar da ka aiko ta fi ƙarfin haƙoranta?

Don haka kafin ka nemi lambar kowace mai girki, a fara jin ta bakin mai cin abincin. Idan kunya za ta hana ta faɗa maka, tura jika. Tsakanin jika da kaka wasa ne, a cikin tsokana zai jiyo abin da kai ba za ka ji ba a shekara: tuwon dawa take so ba na shinkafa ba, miyar kuɓewa busasshiya ta fi mata ɗanya, wake da dare yana kumbura mata ciki, kuma in dai safiya ta yi babu ɗumame to a wajenta ba a karya kumallo ba. A kuma tambaye ta ko ta yarda da tsarin gaba ɗaya. Akwai dattijuwar da za ta gwammace ta kwana da yunwa da a ce a unguwa, wance da 'ya'yanta reras amma abincin saye take ci. Wannan ba rigimar tsufa ba ce, mutunci ne, kuma wanda ya raina shi zai yi ta biyan kuɗin abincin da ba a ci.

Akwai wata gaɓa da samari ba su cika hangowa ba. Idan akwai matar ɗa a gidan ko a kusa, wadda ita ce ke zuba wa Hajiya tun da can, ranar da mai babur ya fara tsayawa a ƙofar gida da kula, ita abin da ta ji shi ne an ce girkinta bai yi ba, ko an ce ta gaza. Ka sami ɗan'uwanka, mijinta, ku yi magana tukuna. Sau da yawa za ka tarar abin da ya rage mata ƙarfi cefane ne da yawan yara, ba rashin so ba. Kuɗin da za ka ba baƙuwa, in ka mayar da shi cefane da ladan mai taya ta aiki, an huta da neman kowa.

In kuwa babu kowa, to sai zaɓe. Ga manhajojin waya masu ɗauko abinci daga gidajen sayar da abinci, ga masu girkin oda da ke dafawa a gidajensu su aika, ga kuma matar unguwa wadda za ku yi yarjejeniya da ita ta riƙa ƙara hannu a tukunyarta. Manhaja tana da ranarta, musamman ranar da komai ya cushe kana neman abin da zai isa cikin awa ɗaya. Amma ban ga hikimar ɗora cikin tsoho a kanta kullum ba. Abincin gidajen sayarwa an yi shi ne don harshen matasa: mai, yaji, magi, suya. Mai kawowa yau daban, gobe daban. Kamfanin kansa yana iya naɗe tabarmarsa. A watan Disamban 2023 kaɗai Jumia Food da Bolt Food duka suka daina kai abinci a Najeriya. Ni a ganina, ga tsohon da zai ci kullum, matar unguwa mai tsabta ko ƙaramar mai girkin oda da ba ta da nisa ta fi. Ta san tuwon da mutanen garin suke ci, kana iya ce mata ta rage gishiri ta rage, kuma tafiyar abincin gajeriya ce. Aibinta ɗaya: sabo yana hana gyara. Ranar da miya ta fara tsinkewa, nauyin baki zai kama kowa. Maganin wannan shi ne a faɗi komai tun ranar farko, a gaban shaida ɗaya, a kuma riƙa biyanta hakkinta cif a kan lokaci, domin wanda ake binsa bashi ba ya iya ƙorafi.

Kowacce ka zaɓa, gani ya kori ji. Hoto a waya ba ya nuna kwata. Ka je inda ake girkin, ko ka tura 'yar'uwarka, ba tare da an sa rana ba. Dubi ruwan da ake amfani da shi da inda ake ajiye shi. Dubi ko wuƙa da katakon da aka yanka ɗanyen nama su ne ake yanka kabeji da su. Dubi buhunan hatsi, a ƙasa suke a buɗe ko a rufe, domin ɓera ne ke yaɗa zazzaɓin Lassa ta fitsarinsa da kashinsa a kan abinci. Mai girkin da ta ɓata rai don an zo ganin madafarta ta riga ta ba ka amsa. Sannan ka sayi abincin ka ci da bakinka, irin wanda za a kai wa Hajiya, a lokacin da za a kai mata, bayan ya yi irin tafiyar da zai yi.

Yanzu ga inda na fi so mu daɗe, wato lafiya. Da wuya ka sami gidan da tsohonsa ba ya shan maganin hawan jini ko na ciwon suga, wani ma duka biyun. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada gishirin da babba zai ci a yini ya kai giram 5, wato bai cika ƙaramin cokalin shayi ba, kuma wannan lissafin ya haɗa da duk wanda ke ɓoye a cikin abinci. A nan ake yi mana sakiyar da ba ruwa. Ka ce wa mai girki ta rage gishiri, ta ce to, sai ta rage na gwangwani ta ƙara dunƙulen magi don kada miya ta yi salam, alhali kusan rabin dunƙulen nan gishiri ne. Kanwa ma da ake jefawa a miyar kuka da ɗanwake da wake, sinadarin da ke tayar da hawan jini a gishiri shi ne a cikinta. Saboda haka kada ka tsaya a "rage gishiri". Ka tambaya dalla-dalla: magi nawa ake sawa a tukunya, kuma za a iya ɗebe na Hajiya kafin a zuba? Mai girkin da ta san hannunta za ta tayar da miya da daddawa, albasa, citta, tafarnuwa da ɗan busasshen kifi, har mai ci ya manta an rage wani abu. Wadda ta ce maka tukunya ɗaya take yi wa kowa, ba ta yi laifi ba, amma ba taku ba ce. Akwai kuma wani gishiri da ake sayarwa a manyan kantuna da sunan na masu hawan jini. Kada a saya wa mai ciwon ƙoda sai likita ya yarda, domin sinadarin fotasiyam da ke cikinsa yana iya taruwa a jini ya taɓa zuciya.

Mai ciwon suga kuwa, lokaci ya fi masa komai. Dattijon da ya sha ƙwayar glibenclamide ko aka yi masa allurar insulin da safe, ya zauna jiran abincin da aka ce ƙarfe takwas, mai babur bai iso ba sai sha ɗaya, sugansa yana iya faɗuwa: gumi, karkarwa, jiri, rikicewar magana, wani har suma. Kai kana ofis kana ganin an ɗan makara ne, shi kuwa yana bakin hatsari. Ka tambayi mai girki abin da take yi ranar da ɗan aikenta bai zo ba, ranar ruwan sama, ranar da take da biki ko rasuwa. In ta ce "ai ba za a samu matsala ba in sha Allahu," ka ce Allah Ya sa, sannan ka sake tambaya. A ɗakin tsohon kuma kada a rasa abin taɓawa: dabino, biskit, garin kunu, madara. A gefe guda, a kula da abin da ake rakiyar abinci da shi. Zoɓo da kunun aya na sayarwa sukari ne zalla, lemon kwalba kuwa kyautar da ba a so ce. Shi ma tuwo ba a hana shi, girman malmala ake dubawa, a yawaita miyar ganye, zogale, alayyahu, rama, kabewa. Manyan asibitocin koyarwa irin na Malam Aminu Kano da na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika suna da masana abincin marasa lafiya. Ranar da za a kai Baba ganin likita, a nemi ganinsu, a karɓo bayanin a rubuce, a ba mai girki kwafi. Takarda ta fi "an ce".

Sai haƙori da maƙogwaro. Tsohon da turamensa suka zube ba zai ce maka ba ya iya tauna nama ba, zai dai tura shi gefen kwano ya ce jikoki su ɗauka. A hankali sai abincinsa ya koma koko da tuwo da shayi, jiki ya yi ta zubewa, ƙafa ta rasa ƙarfi, faɗuwa a banɗaki ta biyo baya. Tsufa ba ya rage buƙatar abinci mai gina jiki. A nemi mai girkin da za ta dafa nama ya yi luguf ko ta daka shi a cikin miya, ta cire wa kifi ƙaya ɗaya bayan ɗaya, ta kawo alale, dafaffen ƙwai, faten wake, kindirmo, farfesun da ƙashi ya saki tsoka. Wanda ya taɓa samun shanyewar ɓarin jiki kuma a sa masa ido wajen haɗiya. Idan yana tari ko ƙwarewa duk lokacin cin abinci, ko muryarsa ta canza bayan ya sha ruwa, abinci na iya bi ta hanyar iska ya sauka a huhu ya zama ciwo. Irin wannan ba dambu ba ne nasa, ba gyaɗa ba, ba tsinkakken abu da ake kwankwaɗa ba, kuma a zaune sosai zai ci, ba a kishingiɗe ba. Likita ne zai faɗi kaurin da ya dace, mai girki ta bi.

Zafin ƙasarmu ma abin lissafi ne. Ƙwayoyin cuta sun fi hayayyafa a abincin da ɗuminsa yake tsakanin digiri 5 da 60, shi ya sa masana suka ce dafaffen abinci kada ya wuce awa biyu a ajiye a waje, in ana tsananin zafi ma awa ɗaya. To a Kano ko Sakkwato a watan Afrilu, inda ma'auni ke kaiwa 40, ka ƙiyasta abincin da aka sauke tun hantsi, aka zuba a roba, mai babur ya zaga da shi gida goma kafin ya iso naku. Abin da zai ba saurayi ɗan murɗawar ciki, tsoho yana iya kwantar da shi a asibiti, domin gudawa tana saurin ƙarar masa da ruwan jiki, ga shi dama ƙishirwa ba ta cika damun tsofaffi ba balle su sha su mayar. Shinkafa ta fi kowa laifi a nan: akwai ƙwayar cutar da ke tsira daga dahuwa, ta saki guba idan shinkafar ta daɗe a ajiye, kuma ɗumamawa ba ta kashe wannan gubar. Haɗin kabeji mai mayonis kuwa a cire shi daga lissafi gaba ɗaya. Masu tsarin kawo miyar mako guda a saka a firji, tsarinsu yana da kyau a gidan da wuta ke tsayawa ko akwai sola. A gidan da Nepa ke ɗauke wuta tun safe sai dare, asara ce ko cuta. Ka kuma tambayi kanka wa zai ɗumama, domin tsohuwar da mantuwa ta fara kamawa ba a barinta da gas.

Ku sayi kuloli masu kyau saiti biyu, ɗaya na tafiya ɗaya na dawowa. Kula tana riƙe zafi, tana kuma rufa asiri. Dattijon da ya saba fitar da kwanonsa zaure ko dakali a yi ciyayya da maƙwabta bayan magariba ba zai fito da robar sayarwa gaban sa'o'insa ba. Sai ya daina fita, ya koma ci shi kaɗai, wanda ke ci shi kaɗai kuwa loma kaɗan ke isarsa. A kan wannan nake cewa kada ku auna abincin daidai cikin mutum ɗaya. Tsohon Bahaushe ba ya iya cin abinci yaro na kallonsa. Akwai jika, akwai almajirin gida, akwai baƙon da zai yi sallama. In ka aika na mutum ɗaya, rabawa za a yi, kuma nasa kason ne zai ƙanƙance.

Shi kansa mai kawowa, a dube shi da kyau. A Ingila, a shekarar 1943, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, matan wata ƙungiyar sa-kai suka fara kai dafaffen abinci gidajen mutanen da ba sa iya girka wa kansu. Tsarin ya zama abin da ake kira Meals on Wheels, ya isa birnin Philadelphia na Amurka a 1954, yana nan har yau. Abin da ya burge ni a tsarin shi ne, mai kai abincin ba ajiyewa kawai yake yi ba. Yana ƙwanƙwasa ƙofa, ya ga tsohon da idonsa, su gaisa, in ba a buɗe ba ya sanar. Ga tsofaffi da yawa, shi ne kaɗai fuskar da suke gani a yini. Mu da muke da gaisuwa a jini bai kamata a koya mana wannan ba. Ku nemi a tsayar muku da mutum ɗaya sananne, wanda zai yi sallama, ya durƙusa ya ce "Hajiya, ina wuni, ya ƙarfin jiki?", ya karɓi kular jiya. Ka riƙe lambarsa, ka riƙa yi masa ɗan alheri. Shi zai fara gaya maka yau Hajiya ba ta fito ba, ko kular jiya ta dawo ba a taɓa ba. In mace ce a gida mai kulle, a nemi yarinya ko yaro ƙarami da zai iya shiga har ɗaki. Kuma don Allah kada a rubuta a wani zauren WhatsApp cewa ga adireshi, tsohuwa ce ita kaɗai a gida. Ba kowa ke karantawa da kyakkyawar niyya ba.

Batun kuɗi ba zan ja shi ba. A fara da gwajin mako ɗaya, sannan biyan mako-mako ko wata-wata. Kada a biya na wata uku gaba ɗaya don an yi ragi. Araha ba ta ado. Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 farashi bai zauna ba, har hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin 100 a tsakiyar 2024 a ƙididdigar hukuma. Mai girkin da aka ƙi ƙara wa kuɗi ba za ta yi gardama ba, nama ne zai ƙanƙance, miya ta ƙara ruwa. Ka ce mata tun farko, in kasuwa ta tashi ta faɗa a sake lissafi. 'Yan'uwa su haɗa kuɗin, har wanda ƙarfinsa kaɗan ne a bar shi ya sa hannu, amma mutum ɗaya ne zai riƙa magana da mai girki, kada wannan ya ce a sa yaji wancan ya ce a cire. Hajiya kuma ba sai ta ji adadin ba. Ranar da ta ji, za ta ce ɓarna ce a daina. Azumi in ya gabato a sake zama, domin lokuta za su juye, kuma mai ciwon suga sai ya ji ta bakin likita kafin ya ɗauka.

Bayan an fara, sauya irin tambayarka. Maimakon "an kawo?", ka ce "Hajiya, yau miyar me aka yi?" Wadda ta ci za ta ba ka labari har da ƙorafin daddawa ta yi yawa; wadda ba ta buɗe kular ba za ta ce "ai ka san irin nasu." Kira da bidiyo lokacin cin abinci wani sa'in, ku yi hira tana ci. In ka zo gida kuma, duba abin da waya ba ta nunawa: zobe ya fara juyawa a yatsa, awarwaro yana zamewa, Baba ya ƙara jan mazagin wandonsa, kumatu sun faɗa. In abinci yana zuwa, ya dace da bakinsa, amma duk da haka yana ramewa, to kada a ɗora wa mai girki laifi a yi ta canza ta. Ciwon haƙori, magungunan da ke kashe sha'awar abinci, damuwa bayan rasuwar abokin zama, ko wata cuta da ba ta bayyana ba, duk suna kawo haka. A auna nauyinsa, a rubuta, a tattara duk magungunan da yake sha a leda ɗaya, har da na gargajiya, a kai shi asibiti a cikin makon.